Abin da Na Ɓoye wa Babanki

Rikkos, Jos.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da kyau da kyau. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ki a ɗakin da kike kwana da hanyar da kike bi zuwa aiki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a ƙasar da ba ki da kowa sai Shi.

Yau kwana goma sha biyu da tafiyarki. Har yanzu in na zo auna shinkafa sai in ga na auna ta mutum biyu. Tun safe ake ruwa, irin mai sauka a hankali ba ya ɗaukewa, sanyi ya cika gidan, na ɗauko rigar sanyin nan taki mai ruwan toka da kika bari a bayan ƙofa na saka. A waya ba na iya doguwar magana. Da na ji muryarki sai in tsaya a kan ko kin ci abinci, ya sanyin can, shi ke nan sai sallama. Shi ya sa na zauna da biro da takarda. In na gama zan ɗauki hotonta shafi-shafi in tura miki. Ki bari sai kin samu natsuwa kafin ki karanta.

Kin yi mini bayanin aikin da ya kai ki. Kin ce za ku riƙa bin marasa lafiya bayan an yi musu magani, masu ciwon zuciya da na ƙoda da na daji, ku ga su wa suka tashi, su wa ciwon ya dawo musu, wane magani ya fi wani, domin likita ya san abin da zai gaya wa mutum in ya tambaye shi yadda gaba za ta kasance. Na gyaɗa miki kai kawai a ranar. Ban gaya miki cewa ni ma na taɓa sa hannu a irin wannan aiki ba, kuma ban yi shi da kyau ba. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aikin nas. Kin tashi kina jin mutanen unguwa suna yabona. Yau ina so ki ji wuraren da na yi kuskure, daga bakina.

Lokacin kina goye, ina aiki a ɓangaren mata. Akwai wani babban likita da muke kira Oga kawai, mutum mai tsanani amma mai son aikinsa. Ya lura mata da yawa suna zuwa bayan haihuwa da kumburin ƙafa da haki, zuciyarsu ta yi rauni. Sai ya ce a riƙa rubuta yadda kowace ta ƙare bayan an ɗora ta a kan magani. Ni aka ba fom ɗin. A ƙarshensa akwai gurbi huɗu: ta warke, tana nan da ciwon, ta rasu, ba a sani ba. Oga ba ya son gurbin ƙarshen nan. In ya ga alama a ciki sai ya ɓata rai, ya ce me zai yi da "ba a sani ba".

Cikin matan akwai Dije, Bafulatana daga wata ruga a bayan Vom. An kawo ta ba ta iya kwanciya, sai dai a jingina ta da matashi uku, numfashinta sama-sama. Uwar mijinta ce ke jinyarta, tana riƙe da jaririn. Cikin sati biyu kumburin ya saɓe, ta fara cin abinci, har tana tsokanata wai Fulatancina kamar na mai ciwon haƙori. Aka sallame ta. Ta dawo ganin likita sau biyu, ta yi kyau, ta yi ƙiba. Na uku ba ta zo ba. Na huɗu ma haka.

Ranar da Oga ya ce a tattara fom, na riƙe nata ina kallo. Na ce a raina, yarinyar da na gani tana dariya, ai don ta ji sauƙi ne ba ta dawo ba, mutanen ruga ba sa zuwa asibiti in ba dole. Na sa alama a kan "ta warke". Ba nata kaɗai ba, Ummi. Duk wadda ta daina zuwa, in ganina na ƙarshe da ita tana kan ƙafarta, haka na yi mata. Oga ya duba, ya ji daɗi, ya ce maganin yana aiki fiye da yadda ya zata.

Bayan wajen wata biyar na shiga kasuwa sayen kabeji, sai na hango uwar mijin Dije zaune a gaban ƙwaryar nono, yaro a bayanta. Na ƙarasa da murna na gaishe ta, na ce ina ƙawata. Ta dube ni ta ɗan jima, sannan ta ce, "Ai Dije ta rasu tun farkon damina, Sista."

Ta ce magani ya ƙare, rafi ya kawo, mota ba ta shiga wajensu, mijin kuma ya yi gaba da shanu. Kumburin ya dawo, kwana shida ta yi a zaune. Ta juyo mini da yaron in gan shi. Ban san yadda na iso gida ba, kabejin ma a can na bar shi.

Na kwana biyu ina juya abin, sannan na je na sami Oga a ofis na faɗa masa duka. Na zaci zai yi mini ihu. Bai yi ba. Ya cire tabarau ya ajiye, ya tambaye ni mata nawa ne. Na faɗa. Ya ce ya riga ya tsaya a gaban likitoci ya gaya musu abin da takardun suka nuna, wasu kuma sun fara sallamar mata da wuri saboda maganarsa. Daga nan ya ce in ɗauko adireshin da muke da su. Asabar huɗu muka yi a motarsa muna bin unguwanni da ƙauyuka muna tambaya. Wasu mun same su lafiya lau suna daka. Wasu an nuna mana kabari. Wasu har yau ban san inda suke ba. Ya koma gaban likitocin nan ya ce abin da ya faɗa da farko ba daidai ba ne, bai kuma ambaci sunana ba.

Don haka, 'yata, in ba ki sani ba, ki rubuta ba ki sani ba, ko da oganki zai ɓata rai. Alamar da za ki sa da biro a ɗaki mai sanyi, wani likita zai karanta ta a wani gari ya yanke shawara a kan matar da ba ki taɓa gani ba. Kuma ki tuna masu dawowa asibiti su ne masu sauran ƙarfi da hanya mai kyau da wanda zai rako su. In su kaɗai kika ƙirga, kowane magani zai yi miki kyau. Ki nemi waɗanda suka ɓace. Tun ranar farko ki karɓi lambar waya fiye da ɗaya, ki tambayi sunan mai unguwa ko arɗo, ki san wa ke dafa wa mara lafiyar abinci. In kin dawo gida da aikin nan, ki sayi takalmin da zai iya shiga taɓo.

Na biyu ya faru kina firamare. Wataƙila kin tuna Malam Sale tela na Tudun Wada, wanda ya ɗinka miki kayan makaranta. An yi masa aiki a ciki aka cire ƙari. Ina tsaye da tire a hannu na ji likitoci suna magana a tsakaninsu, suna cewa masu irin nasa ba kasafai suke wuce 'yan watanni ba. Da rana ya tare ni a baranda, yana dafe da bango, ya ce tunda mun san juna in faɗa masa gaskiya. Ni kuma tun abin Dije na ɗauki alkawari ba zan ƙara gyara gaskiya ba. Sai na maimaita masa abin da na ji, a tsaye, mutane suna wucewa, har da adadin watannin.

Ya koma gida ya ba ƙaninsa keken ɗinkinsa, ya sallami masu kawo masa aiki, ya shimfiɗa tabarma a zaure yana jira. Watannin suka cika, yana nan. Shekara ta zagayo, yana nan. Sai da ya yi kusan shekara biyu a zauren nan kafin ya yarda ya koma shago, lokacin mutanensa duk sun koma wajen wasu teloli. Shekara bakwai ya yi bayan aikin. Duk sanda na wuce ta ƙofar shagonsa a keke mai ƙafa uku sai ya ɗago hannu ya ce, "Sista, ina nan fa." Da fara'a yake faɗa, bai taɓa riƙe ni ba. Ni ce nake jin nauyin shekara biyun nan da na zaunar da shi.

Likitocin ba ƙarya suka yi ba. Abin da suka faɗa labarin taron mutane ne, ni kuma na ɗauke shi na ɗora a kan mutum ɗaya kamar an rubuto sunansa. Abin da za ku gano a bincikenku zai gaya miki yadda yawanci ke kasancewa. Ba zai gaya miki ranar Malam Sale ba. Wannan Allah kaɗai Ya bar wa kanSa. In mutum ya tambaye ki, ki gaya masa abin da aka fi gani, ki gaya masa akwai masu wucewa da yawa, akwai masu gazawa, ke kuma ba ki san inda zai faɗa ba. Sannan ki tambaye shi me yake so ya yi da kwanakinsa, ki taimake shi ya yi. Kada ki yi irin wannan magana a baranda.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki biro. Na tashi na sha ruwa na dawo sau biyu kafin in fara wannan layin.

Kin san babanki ya fara ramewa a shekararki ta ƙarshe a makarantar likita a Zariya. Kin san ya daina bin motar dankali zuwa kudu, ya ce gajiya ce. Abin da kika sani shi ne ciwon ya zo da sauri, ba wanda ya ankara, kafin a kira ki ya yi nisa. Haka na gaya miki. Ba haka ba ne.

Wata huɗu kafin rasuwarsa na kai shi aka yi hoton ciki da gwajin jini. Ni na je na karɓo sakamakon. Na buɗe a kan matakala na karanta. Daji ne a hanta, ya bazu, ba wurin aiki. Na ga irinsa da yawa, na san ba Malam Sale ba ne wannan, ko da yake ban san rana ba. Na shiga wajen likitan, yaro ne da ya yi koyon aiki a hannuna, na roƙe shi kada ya gaya masa. Ya yi gardama kaɗan, ya ce haƙƙin mara lafiya ne. Na ce na fi shi sanin mijina. Ya ji kunyata ya bi maganata.

Da na dawo babanki yana zaune a tsakar gida yana shan rana, rediyo a gefensa. Kin san har ya rasu Sista yake kirana in yana son tsokana. Ya ce, "Sista, me takardar ta ce?"

Na ce hanta ce ta ɗan kumbura, za a ba shi magani, da sauƙi.

Na gaya wa kaina don shi nake yi, kada ya shimfiɗa tabarma ya zauna jira. Na gaya wa kaina don ke nake yi, saura wata huɗu ki zauna jarrabawar da kika yi shekara shida kina wahala a kanta. Akwai gaskiya a cikin duka biyun. Amma babbar gaskiyar ita ce ni ce ban iya furtawa ba. Ina ganin in ban faɗa da bakina ba, kamar abin bai tabbata ba.

Ya yi ta shirye-shirye. Ya ce in ya ji ƙarfi bayan Sallah zai je Kazaure wajen yayansa, Baffa Isa, wanda suka yi shekaru ba sa ga maciji tun wata magana da ta shiga tsakaninsu ranar jana'izar kakanki. Ya ce ya gaji da gabar, tsufa ya zo musu. Na ce ya bari ya ƙara jin ƙarfi. Na san a lokacin ne yake da ƙarfin da zai iya zaman mota, gaba sai raguwa. Na bar shi yana jira.

Ke kuma kin kira ranar wata Juma'a kika ce muryarsa ba ta yi miki daɗi ba, za ki shigo mota gobe. Na tuna inda nake tsaye, bakin murhu. Na ce miki maleriya ce da gajiya, kada ki kuskura ki bar karatu, in kin zo ma ransa zai ɓaci. Kika tambaye ni ko an yi gwajin hanta, don kin ga idonsa a hoton da ya tura miki. Na ce an yi, ba komai. Kin gano, Ummi. Daga hoto a waya kika gano. Ni na kawar da ke.

Kwana uku kafin ya cika muna asibiti, bayan la'asar, masu dubiya sun fita. Ina goge masa hannu da tsumma mai ɗumi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kin sani tun ranar takardar nan ko?"

Na ce na sani.

Ya rufe ido. Can ya ce, "Da kin faɗa mini, da na je Kazaure. Da na ce Ummi ta zo ta zauna da ni ko sati ɗaya ne, ta koma ta yi jarrabawarta."

Na durƙusa a gefen gadon ina kuka, shi da ke kwance shi ya koma ba ni haƙuri. Ya ce ya yafe, ya san tsoro ne ba mugunta ba. Ya sa na kira Baffa Isa a waya, suka yi magana ta 'yan mintoci, rabinta kuka. Baffa ya kamo hanya washegari, ya same shi ba ya gane mutane. Ke kuma ranar da ya cika kina da jarrabawa ta ƙarshe. Na kira ki da kika fito. Kin san sauran. Kin iso an dawo daga maƙabarta.

Ya bar miki saƙo a wannan yammacin, ban isar ba, domin in na isar dole in faɗi sauran. Shekara tara ke nan yana wurina. Ya ce in gaya miki ya san da kin sani da kin zo da ƙafa ma, kada ki taɓa ɗora wa kanki. Ya ce kuma, a kwanciyar da ya yi ya lura likitoci suna tsayawa a kansa su yi magana da junansu su wuce. Ya ce, "Ki ce mata in ta zama likita ta riƙa jawo kujera ta zauna, ta dubi mutum a ido, ta tambaye shi ko yana so ya sani."

Na gan ki a shekarun nan. Na ga yadda kike tsayawa a gaban hotonsa na falo. Na ji ranar da kike gaya wa ƙawarki cewa kina ajin ƙarshe a makarantar likita amma kin kasa gane ciwon ubanki, shi ya sa kike son sanin yadda ake hango ƙarshen ciwo tun da wuri. Ina ɗaki ina ninke kaya na ji ki, na kuma ci gaba da ninkewa. Ranar da za ki tafi, a tasha, na riƙe hannunki na buɗe baki, sai na ce ki kula da jakarki.

Ba ki kasa komai ba. Ki sauke wannan kayan, ba naki ba ne. In kina son aikin nan don kansa, ki yi shi da zuciya ɗaya, aiki ne mai kyau, mutanenmu suna bukatarsa. Amma kada ki yi shi don biyan laifin da ba ki yi ba.

Kuma ki ji shawarata ta ƙarshe a kan wannan. Za ki haɗu da iyalai irina. Mata ko ɗa ko ƙani zai ja ki gefe ya ce kada a gaya masa. Kada ki raina su, tsoro ne da ƙauna. Ki zaunar da su ki saurare su. Amma ki tuna kwanakin na mai ciwon ne, shi ya san wanda yake so ya gani da wanda yake so ya nemi gafararsa. Wani zai ce miki ba ya son ji, a bar wa Allah, ki girmama wannan. Wani yana jira ne a tambaye shi. Babanki yana cikin masu jira, wata huɗu yana kwana kusa da wadda ta sani.

Ni ma shekaru suna tafiya. Lafiyata ƙalau yanzu, ban da gwiwa, kuma wannan gaskiya ce, kina iya tambayar likitan da ke duba ni, na ba shi izini. In wata rana takarda ta fito a kaina kika riga ni gani, ki faɗa mini. In ni na riga ki, na yi miki alkawari a ranar za ki ji.

Ban san yadda za ki ɗauki wannan ba. In kin ji ba kya son magana da ni na wani lokaci, ba zan ga laifinki ba, ba kuma zan dame ki da kira ba. Ki dai turo mini ko kalma ɗaya ce a waya in san kina lafiya. Ina neman gafararki, Ummi. Na hana ki sati ɗaya da ubanki, ba ni da inda zan samo shi in mayar miki.

Allah Ya jiƙan babanki, Ya haskaka kabarinsa, Ya jiƙan Dije da Malam Sale da duk waɗanda suka bi ta hannuna. Allah Ya tsare mini ke daga sharrin mutum da na ciwo, Ya ba ki ilimi mai amfani da harshe mai taushi, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga bayinSa. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki ci abinci mai zafi, ki rufe ƙirjinki in za ki fita. Allah Ya dawo mini da ke lafiya, Ya sa ina da rai in buɗe miki ƙofa.

Wassalamu alaikum.

Ni ce mahaifiyarki,
Mama